Awa 48 na Farko: Yadda Ruwan Teku Ya Kashe Irin Kawa a Oregon da Washington

A 2007 da 2008, gidan ƙyanƙyasar kawa na Whiskey Creek da ke bakin mashigin Netarts, a jihar Oregon ta Amurka, ya yi ta zubar da tankuna cike da matattun 'ya'yan kawa, wato halittar teku mai ɓawo biyu da ake nomawa don ci. Za a haɗa ƙwai da maniyyi kamar kullum, 'ya'ya su fito suna iyo, kowa ya ɗauka lafiya lau. Bayan mako guda ko biyu sai a tarar sun daina ci, girma ya tsaya, sun kwanta a gindin tanki. A 2008 abin da gidan ya fitar bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba fitarwa ba.

Asarar ba ta tsaya a gida ɗaya ba. Yawancin manoman kawa masu zaman kansu a gaɓar yammacin Amurka a wurin suke sayen iri. A daidai wannan lokaci gidan ƙyanƙyasar kamfanin Taylor Shellfish da ke mashigin Dabob, a jihar Washington, shi ma yana fama da mutuwa irin wannan. A mashigin Willapa kuwa, inda manoma suka saba samun iri daga kawar da ke haihuwa da kanta a cikin ruwa, tun 2005 aka daina samun kamu na kirki. Manomi yana da fili a bakin ruwa, yana da jirgi da ma'aikata, amma ba shi da abin shukawa.

Abin da ya sa lamarin ya wahalar da kowa shi ne tazarar da ke tsakanin rauni da mutuwa. Illar tana samun 'ya'yan kawar ne a kwana biyun farko na rayuwarsu, mutuwar kuma ba ta bayyana sai bayan mako guda ko biyu. Duk wanda ya ɗebi ruwa ya gwada a ranar da suka mutu, ruwan da ya yi ɓarnar ya riga ya wuce.

Yadda ake samar da iri

Kawar da ake nomawa a wannan gaɓa baƙuwa ce. Ana ce mata kawar Fasifik, sunanta na kimiyya Crassostrea gigas, kuma daga Japan aka kawo ta a farkon ƙarni na 20, bayan an kwashe kawar asali ta yankin, kawar Olympia, har ta kusa ƙarewa. Tana girma da sauri a ruwan yankin, amma ruwan ya yi mata sanyi wajen haihuwa. A 'yan wurare ne kawai, irin su Willapa, take haihuwa da kanta, shi ma ba kowace shekara ba. An daɗe ana shigo da iri daga Japan ta jirgin ruwa, kafin daga shekarun 1970 sana'ar ta koma dogaro da gidajen ƙyanƙyasa.

A gidan ƙyanƙyasa ana fara ne da iyaye. Ana ajiye su makonni a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, ana ba su abinci har ƙwai ya nuna. Daga nan a buɗe ɓawon, a tsaga jakar ƙwai, a wanke ƙwan ta rariya mai ƙananan ido don a raba shi da tarkacen nama. Mace ɗaya tana ba da ƙwai miliyoyi masu yawa, kowane ƙwai faɗinsa wajen maikuron 50, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Maniyyi kaɗan ake zubawa, domin idan ya yi yawa fiye da ɗaya kan shiga ƙwai guda, ɗan ya fito a gurguje ko ya mutu.

Ƙwan da ya ɗauka ana zuba shi a manyan tankuna na ruwan teku da aka tace aka ɗumama zuwa digiri 25. Cikin kamar awa 24 ɗan kawa ya yi ɓawonsa na farko, mai gefe ɗaya a miƙe, gefe ɗaya a lanƙwashe kamar harafin D, tsawonsa maikuron 70 zuwa 80. Yana da wata gaɓa mai gashi-gashi da yake fitarwa tsakanin ɓawon biyu, da ita yake iyo, da ita kuma yake jawo abinci. Abincin gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya da gidan ke nomawa da kansa, musamman Isochrysis da Chaetoceros. Duk bayan kwana biyu ko uku ana zuƙe tankin ta kan rariyoyi masu bambancin ido, a ware manya da ƙanana, a zubar da waɗanda suka tsumbure, a wanke tanki, a cika shi da sabon ruwa. Wannan tacewar ce ma'aunin gidan: idan rukuni ya kamata ya tsaya a kan rariya mai ido kaza a rana kaza amma ya zube ta cikinta, an san akwai matsala.

Bayan mako biyu zuwa uku ɗan kawa ya kai wajen maikuron 300, ya yi wani ɗigo baƙi da ake kira ido, ya kuma fitar da ƙafa da yake lalube da ita. A wannan matakin ake sayar da shi. Ana tace shi, a ƙunshe a jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa cikin sanyi a aika. Miliyoyi a dunƙule ba su cika tafin hannu ba. Manomi ya zuba su a tankinsa mai buhunan tsofaffin ɓawo, ya ɗumama ruwa, ya hura iska, cikin kwana ɗaya ko biyu kowane ɗa ya manne da ɓawo ta ɓangarensa na hagu, ba zai ƙara motsawa daga nan ba har abada. Daga shuka zuwa kasuwa shekara ɗaya da rabi ne zuwa uku. Ke nan iri da aka rasa a 2008 giɓi ne a kasuwar 2010 da 2011.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Ɓawon kawa kalsiyam kabonet ne, amma yana da siffa biyu. Na babbar kawa galibinsa kalsayit ne. Na ɗan kawa aragonayit ne, wanda ya fi kalsayit saurin narkewa da kusan rabi.

Wanda aka fara zargi

Da mutuwa ta fara, hankalin kowa ya koma kan ƙwayar bakteriya, kuma da hujja. An gwada ruwan da ke shigowa an sami Vibrio mai yawan gaske, wadda a lokacin aka kira Vibrio tubiashii. Daga baya bincike ya nuna wasu daga cikin waɗanda aka kama Vibrio coralliilyticus ce. Sananniyar mai kashe 'ya'yan kawa ce tun da daɗewa. Tana fitar da guba mai cinye gaɓar iyo, 'ya'yan su nutse, tanki ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk mai gidan ƙyanƙyasa da ya ga haka abin da zai fara tunani ke nan.

Gidan Whiskey Creek ya kashe kuɗi ya kafa na'urorin tsarkake ruwa: matatai, na'urar kumfa mai cire dattin da ya narke a ruwa, da fitilun hasken ultrabayolet masu kashe ƙwayoyin cuta. A farkon 2008 abubuwa suka ɗan daidaita, aka yi zaton an gama. A tsakiyar lokacin zafi na wannan shekarar sai mutuwa ta dawo da ƙarfi, a cikin ruwan da gwaji ya nuna babu Vibrio a ciki.

Ba a yi kuskure ba da aka ce akwai Vibrio, kuma ta yi tata ɓarnar. Inda aka ɓata lokaci shi ne ɗaukarta a matsayin tushen ciwo gaba ɗaya. Ɗan kawa da ya riga ya raunana kowace cuta tana samun sa a arha, kuma ruwan da ke kawo ƙarancin kabonet yana zuwa ne a lokacin da ƙwayoyin ma ke samun wurin yaɗuwa. Abu biyu ne suka zo tare, ɗaya ana iya shuka shi a faranti a ƙirga, ɗayan kuma babu mai auna shi a gidan.

Ruwan da ke tasowa daga ƙasa

Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iskar arewa ce ke kaɗawa a gaɓar Oregon da Washington. Saboda juyawar duniya, ruwan saman teku ba ya bin iskar kai tsaye, yana karkata dama da ita, wato yamma, ya bar gaɓa. Ruwan ƙasa sai ya taso ya cike gurbin. Wannan ruwa mai sanyi ne, mai gishiri, cike da takin da gansakuka ke so, shi ya sa gaɓar take da albarkar kifi. Amma kuma ruwa ne da ya daɗe a cikin duhu, matattun halittu suna zubowa suna ruɓewa a cikinsa, ruɓewar tana cinye iskar oksijin tana barin iskar kabon dayoksaid. Tun fil azal haka yake.

Abin da ya canza shi ne ƙarin da ya zo daga sama. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid a sararin sama yana wajen kashi 280 cikin miliyan; a 2008 ya kai wajen 385, yanzu ya haura 420. Teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane ke fitarwa. Idan iskar ta shiga ruwa tana zama asid mai rauni, ta saki haidirojin, haidirojin ya kama kabonet ya mai da shi baikabonet. Ma'aunin pH, wanda ke sauka idan asid ya ƙaru a ruwa, a saman teku ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1. A ido kaɗan ne, amma ma'aunin na ninki ne, wannan saukowar tana nufin ƙarin haidirojin da ya kusa kashi 30 cikin 100. Ruwan bai koma asid ba, har yanzu yana sama da 7. Abin da ya ragu shi ne kabonet, wato kayan ginin ɓawo.

Masana suna auna wannan da lamba ɗaya da ake kira omega, wato ƙoshin ruwa da aragonayit. Ana ninka yawan kalsiyam da yawan kabonet da ke cikin ruwa, a raba da iyakar abin da ruwan ke iya riƙewa a wannan zafi, gishiri da zurfi. Kalsiyam ba ya canzawa sosai a ruwan teku, don haka kabonet ne ke jan lambar. Idan omega ya gaza 1, aragonayit da ke tsirara zai fara narkewa. Idan ya haura 1 ba zai narke ba, kuma gwargwadon hawansa gwargwadon sauƙin gini. Sanyi da zurfi suna rage shi, ruwan kogi ma yana rage shi.

A watannin Mayu da Yuni na 2007 wani jirgin bincike ya bi gaɓar daga Kanada zuwa Meziko yana ɗibar ruwa. A 2008 Richard Feely na NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a mujallar Science. Sun sami ruwan da omega ɗinsa ya gaza 1 a zurfin mita 40 zuwa 120 kusan ko'ina a gefen gaɓa, a arewacin Kalifoniya ma ya kai har sama. Lissafinsu ya nuna ba don kabon ɗin da mutane suka ƙara ba, da iyakar wannan ruwan ta fi haka zurfi da wajen mita 50.

Alan Barton, wanda ke kula da 'ya'yan kawa a Whiskey Creek kuma ya karanta kimiyyar teku, ya lura mutuwar tana bin kwanakin iskar arewa. Ya nemi Burke Hales, masanin sinadaran teku a Jami'ar Jihar Oregon. Mashigin Netarts ƙarami ne, marar zurfi, babu babban kogi da ke zuba a cikinsa, kuma duk cikar teku yawancin ruwansa yana sabuntawa. Abin da teku ya turo shi bututun gidan ke zuƙa cikin 'yan awoyi.

Abin da awon 2009 ya nuna

A lokacin zafi na 2009 aka auna ruwan da ke shigowa gidan ba dare ba rana, aka kuma rubuta tarihin kowane rukunin 'ya'yan kawa: ruwan da aka haife shi a ciki, girmansa a kowace tacewa, da abin da ya rage a ƙarshe. Ruwan ya yi ta hawa da sauka fiye da yadda aka zata. Omega ya sauka ƙasa da 0.8, ya kuma haura 3.2, pH ya sauka ƙasa da 7.6, ya haura 8.2. Wani sashe na wannan canjin na iskar arewa ne, yana ɗaukar kwanaki. Wani sashen na rana da dare ne. Mashigin cike yake da ciyawar teku da gansakuka. Da rana suna zuƙe kabon dayoksaid, omega ya hau, da dare komai na numfashi, iskar ta taru, omega ya faɗi. Ruwan asuba shi ne mafi muni, na la'asar shi ne mafi kyau. Cika tanki kuwa aikin safe ne a al'ada.

Sakamakon ya fito a 2012 a mujallar Limnology and Oceanography, daga Barton, Hales, George Waldbusser, Chris Langdon da Feely. Abin da ya fi hasashen makomar rukuni shi ne omega na ruwan da aka haɗa ƙwai a ciki aka kuma raine shi awa 48 na farko. Girman farko, daga siffar D zuwa maikuron 120, bai nuna wani bambanci a fili ba. A tsakanin maikuron 120 da 150 ne rukunin da aka haifa a ruwa marar kyau yake tsayawa. Lissafin ya nuna idan omega ya gaza kusan 1.7, abin da gidan ke samu ba ya ƙaruwa a kan abin da ya zuba.

Wannan lamba ta 1.7 ita ce ta fi komai muhimmanci a aikace. Ta nuna ba sai ruwa ya kai matsayin narkar da ɓawo ba kafin ya yi kisa. Mai gidan da ya ga omega 1.3 ya kwantar da hankalinsa don ya haura 1, ya zuba ƙwai, asara zai yi.

Waldbusser da abokan aikinsa sun bayyana dalili a 2013. A cikin kwana biyun nan ɗan kawa yana gina ɓawon da ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma yana yin haka kafin gaɓar cin abincinsa ta fara aiki. Ba shi da wani guzuri sai ɗan kitsen da uwa ta sa a cikin ƙwai. Wurin da yake ginin kuma bai killace daga ruwan waje ba kamar yadda yake a babbar kawa. Idan kabonet ya yi ƙaranci, ginin yana cin ƙarfi fiye da kima, guzurin ya ƙare kafin gaɓar ci ta kammala. Wasu ɓawonsu ya fito a karkace, gefen da ya kamata ya miƙe ya lotsa, ko nama ya leƙo waje. Waɗannan ana ganinsu a madubin ƙara girma tun rana ta biyu. Wasu kuma siffarsu daidai, sai dai sun fito ba ƙarfi, su yi ta lallaɓawa har lokacin da girma ya bukaci abin da ba su da shi. A 2015 wannan rukunin masana ya yi gwajin da aka raba pH da omega, abin da ba ya rabuwa a teku, aka gwada a kan 'ya'yan kawar Fasifik da na wani makankarin teku. Ginin ɓawon farko omega ya bi, ba pH ba.

Gyaran da aka yi

Matakin farko awo ne. A 2010 Sanata Maria Cantwell ta samo dala 500,000 daga gwamnatin tarayya don kafa na'urorin awo a gidajen ƙyanƙyasa da mashigai. Na'urar da Hales ya ƙera, wadda manoma suka laƙaba wa suna Burkolator, tana auna ƙarfin kabon dayoksaid da jimillar kabon da ya narke a ruwa, ta haɗa da zafi da gishiri ta fitar da omega nan take.

Dalilin auna abu biyu shi ne, tsarin kabonet yana da ma'aunai huɗu: pH, ƙarfin kabon dayoksaid, jimillar kabon da ya narke, da alkalinti, wato ƙarfin ruwa na shanye asid. Sai an san biyu daga ciki, tare da zafi da gishiri, kafin a lissafa sauran. Dogaro da ƙaramin ma'aunin pH na hannu shi kaɗai ya yaudari mutane da yawa. Bakinsa na gilas yana gocewa da lokaci, kuma idan an daidaita shi da ruwan gwaji marar gishiri yana iya kuskure a ruwan teku. Kuskuren 0.1 ya isa ya nuna ruwa yana sama da 1.7 alhali yana ƙasa. Samfurin da za a aika ɗakin gwaji kuma dole a cika kwalba ba tare da kumfa ba, a ɗiga maganin da ke kashe ƙwayoyin ciki, a toshe. In ba haka ba numfashinsu zai canza ruwan kafin ya isa. Sannan awo a bakin bututu kaɗai bai isa ba. Ɗumama ruwa yana ɗaga omega kaɗan, numfashin 'ya'yan kawa da bakteriya a cikin tanki yana saukar da shi, iskar da ake hurawa ma idan daga cikin gini aka jawo ta tana iya ɗauke da kabon fiye da ta waje. Ruwan da ƙwai zai kwana a ciki shi ne abin aunawa.

Mataki na biyu bai ci ko kwabo ba: zaɓen lokaci. Aka koma cika tankuna da yamma, aka riƙa duba hasashen iska, idan iskar arewa ta yi ƙarfi a ɗage haɗa ƙwai har ta lafa. A Dabob, inda gidan Taylor ke da bututu biyu, ɗaya kusa da sama ɗaya a zurfi, awo ya ba su damar zaɓen wanda ya fi kyau a kowace rana. Wannan ya dawo da wani kaso mai yawa na abin da aka rasa, amma yana da iyaka. Idan iska ta yi mako tana kaɗawa, ruwan la'asar ma ba shi da kyau, kuma iyayen da ƙwansu ya nuna ba sa jira har abada.

Mataki na uku shi ne gyara ruwan kansa da sodiyam kabonet, farin gari dangin kanwa. Ana narkar da shi a ruwa marar gishiri, ƙaramin famfo yana ɗiga shi cikin bututun da ke shigo da ruwa, na'urar awo tana ƙara ko rage gudun famfon. A Whiskey Creek ana nufin omega ya kai kusan 4. Lissafin ba shi da wuya. Giram 10.6 a lita dubu yana ƙara alkalinti da maikuromol (ma'aunin yawan sinadari) 200 a kowace lita, jimillar kabon kuma da 100, tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke ɗaga kabonet. Ɗaga ruwa daga omega 1 zuwa 4 yana cin wajen giram 30 a lita dubu, gwargwadon zafi da gishirin ruwan. Ainihin adadin sai an lissafa daga awon ranar, ba a ƙayyade shi sau ɗaya a bari.

Akwai wuraren da aikin ke ɓaci. Sodiyam baikabonet ya fi sauƙin samu, amma yana ƙara alkalinti da jimillar kabon daidai wa daida, tazarar ba ta motsawa sosai, omega ma haka. Idan aka zuba garin kai tsaye a ruwan teku, ko ruwan maganin ya yi kauri ya shiga inda ba ya gaurayuwa da sauri, farin ƙasa-ƙasa zai fito ya kwanta: kalsiyam kabonet ne ya daskare, ya toshe bututu, ya kuma tafi da abin da aka zuba don 'ya'yan kawa. Famfon da aka bari a gudu ɗaya zai yi daidai da asuba ya wuce gona da iri da la'asar. Kuma maganin kabonet kawai yake gyarawa. Ruwan ƙasa yana zuwa da ƙarancin oksijin, bayan ya haifar da yabanyar gansakuka ita ma ta mutu ta ruɓe, bakteriya su yawaita. Shi ya sa a ƙarshen lokacin zafi gidajen kan ci gaba da ganin rukunan da ba su yi kyau ba ko da omega yana daidai, kuma na'urorin tsarkake ruwa da aka saya don Vibrio ba su zama asara ba.

Inda gyaran bai kai ba

Gidajen ƙyanƙyasa sun farfaɗo, iri ya dawo kasuwa. Amma tanki ake iya zuba wa magani, mashigi ba a iya yi masa. Tankin manomi na manna iri shi ma daga mashigi yake jan ruwa, kuma bayan 'yan kwanaki irin zai fita fili. Ɗan kawa da ya manne ya fi na kwana biyu juriya nesa ba kusa ba, sai dai sauyin jiki da yake yi lokacin mannewa wani mataki ne mai cin ƙarfi, don haka manomi ma yana da dalilin duba awo da iska kafin ya cika tanki. Ana sa awon tashoshin a intanet ta hanyar NANOOS, cibiyar sa ido kan teku ta yankin.

Batun Willapa yana bukatar taka-tsantsan. An yi ta haɗa shi da na Netarts kamar abu ɗaya ne, alhali hujjar ba ɗaya ba ce. A Netarts akwai awon ruwa da tarihin kowane rukuni a tanki, zafi da abinci duk a hannun mutum. A Willapa kawar Fasifik tana gefen iyakar sanyin da za ta iya haihuwa, tun da can ana samun shekarun da ba a kamu, ruwan kogin Columbia yana shigowa, kuma iskar da ke taso da ruwa mai ƙarancin kabonet ita ce ke sanyaya mashigin. Kamu ya dawo a wajen 2012. Ƙarancin kabonet yana cikin abubuwan da ke matsa wa 'ya'yan kawa a can, amma ɗora masa komai wuce hujja ne, kamar yadda cewa tasowar ruwa tsohon abu ne don haka babu ruwan mutane shi ma wuce hujja ne. Tasowar ruwa ce ta sa gaɓar take zaune kusa da iyaka tun asali, kabon ɗin da aka ƙara kuma ya yawaita kwanakin da ake tsallaka iyakar. Ruwan da ke tasowa yau rabonsa da saman teku shekaru ne da dama, ƙiyasin Feely ya ce wajen 50, wanda ke biye da shi ya shaƙi iskar da ta fi kabon.

Wasu manoma ba su jira ba. Kamfanin Goose Point na Willapa ya buɗe gidan ƙyanƙyasa a Hawayi, ana rainon 'ya'yan a can a dawo da su ta jirgin sama. A 2012 Gwamna Christine Gregoire ta Washington ta kafa kwamiti na musamman kan lamarin, wanda ya miƙa rahoto a watan Nuwamba da shawarwari 42. A lokacin ana ƙiyasta noman kawa da danginta yana kawo wa jihar dala miliyan 270 a shekara, da ayyuka 3,200. Daga cikin shawarwarin akwai rage taki da ruwan ƙazanta da ke gangarowa cikin mashigai, domin suna ciyar da gansakukar da ke ruɓewa ta ƙara kabon, kuma wannan ne sashen da jiha ke da iko a kansa kai tsaye. A 2013 aka buɗe cibiyar bincike kan lamarin a Jami'ar Washington, Oregon kuma ta kafa tata majalisar a 2017, ta haɗa da matsalar ƙarancin oksijin.

Ɗayan aikin yana kan kawar ce kanta. Shirin zaɓen iyaye da Langdon ya jagoranta a cibiyar binciken teku ta Hatfield da ke Newport, a Oregon, wanda ya fara tun 1996 don inganta girma da rayuwa a fili, ya shigar da juriyar 'ya'ya ga ruwa mai ƙarancin kabonet cikin abin da ake dubawa. Kawar Olympia ta ba da haske a nan: tana riƙe ƙwanta a cikin ɓawo na wasu kwanaki, ƙwanta ya fi girma, 'ya'yanta suna gina ɓawon farko a hankali, kuma gwaji ya nuna ƙarancin kabonet bai dame su kamar na Fasifik ba. Ga mai zaɓen iri akwai tarko a nan. Idan kowane zuri'a a ruwan omega 4 aka raine ta, babu abin da ke tace masu rauni daga masu juriya, sai an ware wasu tankuna da gangan, ba magani, a gwada iyalai a cikinsu a ga waɗanda suka tsallake maikuron 150.